Ki Bari Sai Baɗi

Jama'a, salamu alaikum. Na ga saƙonninku, har da na masu cewa Hindatu ta samu miji ta manta da mu. Wallahi ba haka ba ne. Abin da ya riƙe mini hannu ya fi haka nauyi, kuma yau zan faɗa muku shi yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Hindatu, ɗiyar Malam Sanda manomi, daga Urafane. Na ci Bak, jarrabawar ƙare sakandare, shekara biyu da suka wuce, seri A, wato ɓangaren adabi da harsuna. Ku ba ni littafin Faransanci komai kaurinsa, zan cinye shi in gaya muku abin da mai shi yake nufi. Amma shimi, wato kemistiri? Rabona da shimi tun ina kolej, kuma ko a lokacin can bayan aji nake laɓewa ina roƙon Allah kada mushe, wato malami, ya kira sunana.

To ni ɗin nan ce na tashi na ce zan zauna konkur, wato jarrabawar shiga lakwal, makarantar koyon aikin anfirmiye, masu jinya, a Maraɗi.

Ba haka kawai abin ya faɗo mini ba. Daminar bara kububuwa ta sari Baba a gona. Madam Safa, majo, wato shugabar masu jinya ta asibitin garinmu, ta ɗaura masa ƙarin ruwa ta ce a wuce da shi Tasawa maza. A bayan motar babu inda za a rataye ledar ruwan, sai ta miƙo mini ta ce, “Ɗaga sama, kada ki bari ta sauko.” Na ɗaga. Mota na faɗawa rami tana fita, ƙafar Baba ta kumbura ta yi suntum, jini na tsattsafowa daga dasashinsa, Inna na salati tana kuka, ni kuwa hannuna na sama har muka shiga Tasawa. Da muka sauka Madam Safa ta dube ni ta ce, “Ke ba ki yi kuka ba, ba ki saki ba. Me kika karanta?”

Na ce, “Adabi.”

Ta ce, “Kash.”

Baba ya tashi, alhamdu lillahi, sai dai har yau yana ɗingisa ƙafar. Ni kuma wannan “kash” ɗin ta ƙi fita daga kunnena. Da na ji an ce bana mai kowane irin Bak zai iya zama konkur ɗin, sai na tattara kayana na dawo Tasawa gidan Gwaggo Zara'u, ƙanwar Baba, saboda nan akwai kuran, wato wutar lantarki, kuma waya na kamawa.

Gidan Gwaggo ɗaki biyu ne da rumfar kara, da bedi guda, wato dogon-yaro, a tsakar gida wanda inuwarsa ta fi ɗakunan daɗi. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk littattafaina yanzu ƙamshin gyaɗa suke yi, wani shafin ma in ka ɗaga shi a rana sai ka hango bayansa saboda maiƙo. A gindin bedin nan na shimfiɗa tabarma ranar farko na buɗe littafin SVT, wato ilimin halittu, da na aro wajen ƙawata Mansura. Na karanta shafin farko, na sake, na kuma sakewa. Kowace kalma na san Faransanci ce, amma in aka jera su sai su koma wani yare da ban taɓa ji ba. Selil, mitokondiri, anzim. Na rufe na buɗe na shimi, sai na tarar da wata aba wai ita mol. Ban san lokacin da hawaye ya ɗiga a kan kaye ɗin da nake rubutu a ciki ba.

Gwaggo tana matsar tunkuza ta ɗago ta ce, “Wai ke, karatun mi ne wannan da ake yi da kuka?”

“Gwaggo, ba na ganewa.”

“To mi suka ce a ciki?”

“Wai zuciya ɗaki huɗu gare ta.”

“Shi ke nan? Tashi ki ɗauki hijabinki, ki tahi wajen mahauta ki ce in ji ni a ba ki zuciyar akuya, kada su tsaga.”

Na je na kawo. Muka zauna ni da ita da wuƙar yanka kuɓewa da littafi a buɗe, na tsaga a hankali. Ga su kuwa, biyu ƙanana a sama, biyu manya a ƙasa, na hagu bangonsa ya fi kauri kamar yadda aka zana. Na zura tsinken tsintsiya ta wata jijiya ya ɓullo ta wani ɗakin. Na yi ihu har kajin Gwaggo suka watse.

Ta ce, “In kin gama lakwal ɗin ki miƙo mini abata in sa a miya.”

Ranar na fara yarda cewa abin nan zai iya shiga kaina.

Amma gaskiya wanda ya buɗe mini kan sosai Misbahu ne. Misbahu shi ne wanda zan aura. Ɗan Mayahi ne, yana tsaron shagon magani na kawunsa. A bikin Mansura muka haɗu, manya sun shiga maganar, an yi gaisuwa, an tsayar cewa bayan kaka za a kawo kaya. Ba wanda ya tilasta mini shi. Ina son sa, kuma ina so ku riƙe wannan a ranku kafin ku ji sauran. Shi seri D ya yi, ɗan kimiyya ne na gaske. Sau biyu yana zama wannan konkur ɗin bai samu ba, kuma shi da bakinsa ya gaya mini tun farkon haɗuwarmu, yana dariya. Ya ce, “Na rufe wannan shafin, Hindu. Ni da fararen kayan asibiti sai dai in gan su jikin wasu.”

Da na gaya masa niyyata, bai yi mini dariya ba kamar yadda wasu suka yi. Cewa ya yi, “Daga gobe kin samu mushe.” Tun daga ranar nake kiransa Mushe.

Kullum da hantsi, kafin shagon ya cika, sai in ji waya ta yi ƙara. Vokal ne, saƙon murya. “Salamu alaikum, ɗalibata. An tashi lafiya? Yau mol za mu yi, kuma kada ki tsorata. Kin san in Inna za ta auna gero ba ta ƙirga ƙwaya ɗaya-ɗaya, tiya take ɗauka. To mol tiyar 'yan shimi ce. Sai dai tasu tiyar kullum yawan ƙwayoyin cikinta ɗaya ne, nauyin ne ke bambanta. Ki yi aikin da na turo, kada ki leƙa amsa, ina ganinki.”

In saurara sau ɗaya don karatu, in sake saurara don muryar. Kada ku yi mini dariya.

Haka muka yi ta tafiya. Ya koya mini numfashi, ya koya mini narkewar abinci, ya koya mini daidaita lissafin shimi har na daina jin gabana na faɗuwa in na ga harafi da ƙaramar lamba a gindinsa. In na yi kuskure ya turo fuskar nan mai hawayen dariya, in na yi daidai ya rubuta, “Madam anfirmiye!” In kuran ya ɗauke in kai wayar caji bakin kasuwa, in tsaya a wurin kamar mai gadi.

Sai ranar da ya zo da tsofaffin tambayoyin konkur.

Ranar kasuwar Tasawa ce, bayan azahar. Na ji tsayuwar babur ɗinsa a ƙofar gida. Ya shigo cikin shadda ruwan sararin sama, ɗinkin tazarce, hula ƙube ya ɗan karkata ta, ƙamshin turarensa ya danne na gyaɗar Gwaggo. Ni kuma na sa atamfata mai ganye da ruwan ƙwai, na yafa mayafi baƙi, na sa kwalli kaɗan. Ya durƙusa ya gaida Gwaggo, ta sa na dama masa fura.

Ya ce, “Yau gwaji za mu yi irin na gaske. SVT, shimi, da Faransanci. Ni ma zan rubuta don in taya ki zama. Gwaggo, ke ce mai tsaro. Da an kira la'asar ki ce a ajiye bik.”

Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, “Wanda ya leƙa na wani, muciya na nan.”

Muka zauna, shi a wancan bakin tabarma, ni a wannan. Na lura yana rubutu da sauri kamar ana korarsa, gumi na bin gefen hularsa. Tun kafin in kai rabi ya ajiye bik, wato biro. Ni kuwa halina na 'yan adabi, kowace tambaya sai na karanta ta sau biyu na ja layi ƙarƙashin kalmar da ke ɗauke da ita. Ana kiran salla Gwaggo ta buga muciya a turmi.

Bayan salla muka yi musayar takardu, ya ɗauko amsoshin, na duba tasa ya duba tawa. A shimi ya fi ni, amma ba da nisa ba. A SVT na ga abin da ya ba ni mamaki. Tambayoyi da dama sun ce a zaɓi wadda ba daidai ba, shi kuwa ya tsallake “ne pas” ɗin, wato “ba” ta Faransanci, ya zaɓi wadda take daidai. Abubuwan da shi ya koya mini da bakinsa. Faransancin kuma ban so in faɗa. Da muka haɗa duka, na zarce shi.

Ni da wautata sai na yi tsalle na ce, “Gwaggo, na ka da Mushe!”

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Shi ma ya yi murmushi, ya ce, “Barka, Hindu. Kin yi ƙoƙari.” Amma murmushin a leɓe ya tsaya. Ya daɗe yana kallon takardarsa, ya naɗe ta ƙanana-ƙanana ya sa a aljihu. Ya ce hanya ba kyau, gara ya kama ta da sauran rana. Bayan ya tafi na ga furar nan a ƙwarya yadda na kawo ta, ƙuda na yawo a bakin faifan.

Gwaggo ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta ɗauke ta ta kai ɗaki.

Daga ranar vokal ya koma rubutu. Rubutun ma ya dinga gajarta. “Ki duba shafi na gaba.” “Ina da mutane a shago.” Har na yi abin da nake jin kunyarsa: na tura masa tambaya a kan abin da na riga na gane sarai, na ce ya gagare ni, don kawai in ji ya dawo yadda yake. Saƙon ya nuna ya karanta. Sai can da yamma ya amsa: “Ai kin fi ni sani.”

Ina cikin wannan Inna ta kira ta ce in zo gida, akwai magana.

Na isa Urafane da rana. Gero ya fitar da kai, wake ya fara yaɗo, garin ya yi kore shar, amma ni ban ga kyansa ba. Na tarar da Inna a ɗakinta zaune bakin gado, gaban jeren kwanoninta, tana tsince wake a faranti. Baba na daga ƙofa a kan buzu, ya miƙe ƙafar nan tasa. Na gaishe su. Inna ba ta ɗago ba.

Ta ce, “Sa'adatu ta zo.” Sa'adatu yayar Misbahu ce, ita ke aure a Issawane. “Hajiyarsu ta aiko ta.”

Na ce, “Lafiya dai?”

“Lahiya lau. Kin san yaron nan zai sake zama jarrabawar taku bana?”

“Wane yaro?”

“Yaro nawa gare ki?”

Na ce, “Inna, ai ya ce ya bari.”

“To bai bari ba. Tun kahin ke ki sa sunanki ya sa nashi. Kunya ta hana shi hwaɗa miki. Wannan shi ne na ukku, kuma Hajiya ta ce in ya sake hwaɗuwa ba ta san yadda za ta yi da shi ba. Bara da sakamako ya hito sai da ya yi kwanaki bai ci abinci ba, ya rame kamar mai jinya.”

Na zauna a ƙasa. Duk vokal ɗin nan, duk darussan nan, ashe shi ma bita yake yi.

Inna ta ci gaba. “Abin da suka roƙa ba mai yawa ba ne. Ki bari sai baɗi. Shi ya zauna bana hankalinshi kwance. A yi biki bayan kaka, baɗi ki zauna daga ɗakinki, shi da kanshi zai kai ki.”

“Inna, ai ba kujera ɗaya ba ce. Mutane da yawa ake ɗauka. Zamana ba zai hana shi ci ba.”

Sai a lokacin ta ɗago. “Ke yarinya ce. In kuka zauna tare kika ci ya hwaɗi fa? Mace ta karanta tatsuniya, shi ya koya mata, ta zo ta wuce shi. Da wane ido zai shiga kasuwar Mayahi? Da wane ido zai dube ki a ɗaki? Kina tsammani aure zai zauna a kan wannan?”

“In kuma na bari, baɗi ina da ciki ko goyo fa?”

“Sai mi? Mu da ba mu yi lakwal ba mutuwa muka yi?” Ta ajiye farantin. “Hindatu, yaron kirki ne. Ba ya sha, ba ya yawo, danginshi na son ki. Shekara guda ce. Don Allah ki rufa mini asiri, kada a ce ɗiyata ta kori miji da bik.”

Jama'a, da faɗa ta yi mini da ya fi mini sauƙi. Amma Inna roƙona take yi, idonta cike da hawaye, kuma na san ba ƙina take yi ba. Tsoro take ji. Ni ma tsoron nake ji.

Na juya wajen Baba. Tun da aka fara carbi kawai yake ja. Ya yi gyaran murya ya ce, “Ni ban ce ki bari ba, ban ce ki yi ba. Amma saƙon mata ne ya zo. Shi mai maganar ba mu ji bakinshi ba. Ki kira shi ya zo ya hwaɗa miki da kanshi.”

Na fita bayan ɗaki inda waya ke ɗan kamawa na rubuta: “Ina gida. Ina son ganinka.” Ya amsa da kalma ɗaya: “To.”

Washegari da la'asar ya zo. Ba shadda, ba turare. Wata tsohuwar riga ce a jikinsa mai ruwan toka, wuyanta ya saki, idanunsa sun faɗa. Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na zauna daga gefe. Muka gaisa kamar baƙi.

Na ce, “Gaskiya ne za ka zauna?”

Ya sunkuyar da kai. “Gaskiya ne.”

“Me ya sa ba ka gaya mini ba?”

“Na so in na ci ki ji kawai. In na faɗi kuma ba wanda ya sani.”

“Kai ka aiko Yaya Sa'adatu?”

Ya daɗe yana murza bakin tabarma. “Ban aiko ta ba, wallahi. Amma da Hajiya ta ce za ta aiko ta, ina zaune a wurin. Ban hana ba.”

Da ya yi mini ƙarya da na samu abin riƙewa in yi fushi. Gaskiyar da ya faɗa ita ta hana ni fushin.

Ya ce, “Hindu, ba ki san ɗakin jarrabawar nan ba. Ni na san shi. Da an raba takarda sai in ji kaina ya zama fanko, layukan na hawan juna. Abin da na sani kamar sunana sai in gan shi baƙo. Ranar nan a gidan Gwaggo, ke kaɗai ce a gabana da tsohuwa da muciya, amma haka ya faru. To ina ga na ɗago na hango ki a ɗakin kina rubutu hankali kwance?”

Na ce, “Da ka gaya mini, da mun yi aikinsa tare. Matsalarka ba ilimi ba ce, sauri ne. Karatun tambaya ni na iya shi.”

Kamar bai ji ni ba ya ce, “Na yi tunani. Ba zan ce ki bari ba, ba ni da wannan hakkin. Ke kin sha wahala. Ki je ki zauna. Ni zan janye.”

Na dube shi. Na san yana ganin kyauta ya yi mini. Amma ni abin da na hango daban ne. Na hango Hajiyarsa tana gaya wa kowa a Mayahi cewa ɗanta ya bar burinsa saboda ni. Na hango ni cikin fararen kaya, shi a bayan kanta yana miƙa wa mutane maganin ciwon kai, kullum in na dawo aiki mu haɗa ido mu kau da kai. In na bari, zan riƙe shi a zuciya har abada. In ya janye, shi zai riƙe ni. Ko ta ina aka bi, ɗayanmu zai shiga gidan auren nan da ƙulli a ciki.

Na ce, “Misbahu.”

Ya ɗago da sauri. Ban taɓa kiran sunansa a gabansa ba.

“Ba zan bari ba, kuma ban yarda ka janye ba. Ni ban san zan ci ba. Watannin baya ko mol ban sani ba. Mai yiwuwa in faɗi kai ka ci, kuma wallahi in haka ta faru ni zan fara yi maka guɗa. In ni na ci kai ka faɗi, za mu yi kuka tare, baɗi in zauna da kai a kan kowace tambaya. Amma mu shiga ɗakin nan mu biyu.”

“In ban iya ba fa?”

Na ce, “In ka janye saboda ni, kada a kawo kaya bayan kaka. Ba zan iya ɗaukar wannan ba.”

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Sai ya tashi, ya sa takalmi, ya leƙa ya yi wa Baba sallama, ya tayar da babur. Ina tsaye a zaure har ƙararsa ta ɓace.

Da na shiga gida Inna ta karanta fuskata ta ce, “Kin kashe aurenki.” Ta shige ɗaki ta saki labule. Har na bar Urafane ba ta sake yi mini wata doguwar magana ba. Amma da na buɗe jakata a Tasawa na tarar da ƙullin dakakken yaji da soyayyar fara, irin wadda ta san ina so.

Sauran kwanakin ni kaɗai na yi su, ni da bedi da Gwaggo. Ba vokal, ba rubutu. In na ga hotonsa ya nuna yana kan waya sai in kife tawa a tabarma. Wani lokaci ina tsakiyar lissafi sai in ji muryarsa a kaina tana cewa kada ki leƙa amsa, sai layin ya dushe mini. In share ido in ci gaba. Gwaggo ta koyi riƙe littafi tana yi mini tambaya duk da ba ta karanta boko, hoton kawai take nunawa da yatsa ta ce, “Wannan mai kama da wake fa?” In ce ƙoda ce, in zayyano mata aikinta. Ta ce, “Allah mai iko. Duk wannan a cikina?”

Ana gobe konkur na shirya da safe. Doguwar riga baƙa, hijabi ruwan toka, jaka ɗaya. Gwaggo ta raka ni tasha, ta tofa mini addu'a a tafin hannu ta ce in shafa. Da motar ta tashi na rubuta masa, “Mun taso daga Tasawa.” Ya karanta. Bai amsa ba.

Muka wuce Gazawa, muka wuce Age. Littafi na kan cinyata a buɗe amma ban ga ko harafi ba. Wanda ya san hanyar ya san a Cadawa hanyar Mayahi ke haɗuwa da babban titi. Duk mai zuwa Maraɗi daga can, nan zai ɓullo. Da muka tsaya sauke wasu fasinjoji na manna fuskata a gilashi. Masu tallan ƙwai da rake suka yanyame motar. Na duba gindin kowace bishiya, na duba kowane mai hula. Ba shi.

Mutum biyu da ke gefena suka sauka, wurinsu ya zama fili. Direba ya shiga ya tayar da mota. Na rufe littafin na ce a raina, shi ke nan, Hindatu, kin zaɓa.

Sai waya ta motsa a hannuna. Saƙon Misbahu ne.

“Ki ce wa direba ya dakata.”

Ban san ina da irin wannan muryar ba. “Direba! Don Allah tsaya! Akwai mai zuwa!” Mutane suka fara gunaguni, wani dattijo ya ce shi yana da uzuri a Maraɗi. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, don girman Allah.”

Wata tsohuwar mota ta ɓullo daga hanyar Mayahi, ta yi jawur da ƙura, ta tsaya a gabanmu. Ƙofa ta buɗe, Misbahu ya sauko da jaka a kafaɗa. Na dafe ƙirji. Amma bai nufo mu ba. Juyawa ya yi ya miƙa hannu cikin motar, ya taimaka wa wata dattijuwa ta sauko a hankali, doguwa, cikin farin mayafi, carbi naɗe a hannunta. Ban taɓa ganinta ido da ido ba, amma hancin nan da goshin nan na san su a fuskar ɗanta.

Ita ta yo gaba, shi yana biye da kai a ƙasa. Ta tsaya a ƙofar motarmu ta bi fasinjoji da kallo ɗaya bayan ɗaya har idonta ya sauka a kaina, da littafin da ke kan cinyata.

“Ke ce Hindatu?”

Na yi ƙoƙarin durƙusawa a matsin kujera. “Ni ce, Hajiya. Ina kwana.”

Ba ta amsa gaisuwar ba. Ta tattare mayafinta, ta sa ƙafa a mataki, ta ce, “Matsa mini.”